Koyil Huɗu Masu Ɗigon Fenti

"Kowa ya kwanta!"

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana Oga ya faɗi haka a cikin shagon gwal, bindiga a hannunsa. Mutum biyar ne a shagon, huɗu suka zube nan take. Ta biyar tsohuwa ce da ta kawo gyaran ɗan kunne, ta ce a yi mata haƙuri saboda gwiwa. Oga ya yi mata haƙuri har ta gama kwanciya. Dogo, na hannun damansa, ya buɗe jaka ya fara share kanta.

A waje, Sitiyari na zaune cikin mota yana kallon madubi. Shi ne direbansu. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma yana yawan faɗin haka kamar wata takardar shaida ce da za ta fisshe shi wata rana.

Motar tsohuwa ce, fenti duk ya koɗe, amma cikinta ba wasa. Wata uku yayansa makaniki ya yi yana ƙara wa injin ƙarfi, a zatonsa ƙanen nasa tseren mota yake yi a bayan gari. Jiya aka sa abu na ƙarshe: sababbin koyil huɗu manya, masu tura wuta zuwa fulogi. Da ya gama ɗaure su, Yaya ya tsoma tsinke a gwangwanin fenti ya ɗiga wa kowanne ɗigo uku ruwan ɗorawa. Haka yake yi shekara ashirin. Duk abin da ya ɗaura da hannunsa sai ya sa masa alama, don kada wani ya kwance aikinsa a zo a ce nasa ne ya lalace.

"Saurara," in ji Yaya yana goge hannu. "Waɗannan sun fi ƙarfin wayoyin motar, na ja musu wuta kai tsaye daga makulli. Ko injin na aiki, ko makulli a kashe. Ka bar shi a kunne injin na tsaye, za su dahu."

"Na ji, Yaya."

"Kullum ka ji. Tun kana rarrafe kake ji."

Yau da suka tsaya ƙofar shagon, Oga ya leƙo daga kujerar baya.

"Kashe injin nan, salansarka na tara mana jama'a. Amma bar makulli a kunne, kar mu fito ka tsaya lalube."

"Oga, Yaya ya ce..."

"Yayanka ne ya haɗa harkar nan? Minti uku ne, ɗan iska."

Yanzu minti goma sha ɗaya ke nan. Mai shagon ya durƙusa gaban akwatin ƙarfe, sau huɗu yana danna lambar da ba ita ba.

"Ranka ya daɗe, da bindigar nan a ƙeyata ko sunan matata ba zan tuna ba."

"Janye masa," in ji Oga. Dogo ya janye. Akwatin ya buɗe.

Tela na maƙwabtaka ya riga ya buga waya. A ofishin 'yan sanda Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya kira kofur biyu da direba. Motarsu ba ta tashi sai da turi, saboda haka uku suka tura, ɗaya ya tuƙa, kowa ya san wurinsa.

Sitiyari ya fara jin ƙaurin roba. Ya duba titi ko wani ne ke ƙona shara. Ba kowa. Ya tuna maganar Yaya, ya kai hannu zai kashe makulli, sai ga su Oga sun fito a guje.

"Ja mu tafi!"

Ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama. Ya taka mai, mota ta zabura, ta sha kwana ɗaya, ta sha ta biyu. Sai ƙarfi ya fara zubewa. Fat! Fat! Salansa ta harba sau biyu. A tsakiyar shataletale motar ta mutu, hayaƙi na fita ta ƙasan bonet.

Daga nesa jiniya.

Oga bai zagi kowa ba. Ya ɗauki jakar, ya fita, ya nuna wa wani mai babur bindiga, mutumin ya sauka da ladabi. Dogo ya ɗaga ƙafa zai hau baya.

"Babur ɗin ba zai ja biyu ba," in ji Oga. "Tsaya ka yi musu bayani."

Tau! Ya harbe shi a gwiwa, ya ja babur ya ɓace cikin motoci.

Lungun kasuwa na nan taku goma daga ƙofar Sitiyari. Ya san shi kamar tafin hannunsa, in ya shiga ba mai ganinsa. Har ya yi taku huɗu sai ya tuna ɗigon fenti. Duk makanikin garin nan ya san alamar. Yaya na da mata da 'ya'ya uku, bai san komai ba, shi ne kuma ya riƙe shi tun rasuwar ubansu. Tsoro ya kama Sitiyari, irin wanda bai ji ba ko da ƙarar bindiga. Ya juyo.

Ya ɗaga bonet. Koyil ɗin sun kumbura, robarsu na narkewa. Ya zare makulli ya fara kankare ɗigon. Na farko. Na biyu. Robar ta manne masa a yatsu, fata ta tashi, bai tsaya ba. Yana kan na uku motar 'yan sanda ta iso, direban bai kashe ta ba don kada a sake turi.

Sufeto ya zo ya tsaya a gefensa, hannu a baya, yana kallo kamar mai jiran a gama masa aiki.

"Ka gama?"

"Saura ɗaya, yallaɓai."

"Ƙarasa."

Ya ƙarasa. Sufeto ya sunkuya ya nuna batir da sandarsa. Ɗigo uku. Ya nuna murfin lagireto. Ɗigo uku. Famfon mai, ɗigo uku.

"Ko da ka kankare duka," in ji shi, "motar gidana ma mai alamar nan ke duba ta. Kawo hannun."

Ba a ga Oga ba har yau. Dogo ya rasa ƙafar daga gwiwa. Tsohuwa ba ta samu ɗan kunnenta ba, tana zuwa ofis duk mako tana tambaya. Kafin la'asar a ranar an garƙame garejin Yaya da kwaɗo, motocin mutane shida a ciki, aka kawo shi da rigar aiki a jikinsa.

Ɗaki ɗaya aka sa su. Yaya ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Sitiyari ya zauna kusa da shi, ya sunkuyar da kai don kunya. Can Yaya ya kamo hannunsa, ya juya yatsun da suka ƙone yana dubawa, kamar yadda yake duba fulogi.

"Ka bar makulli a kunne."

"Na bari, Yaya."

"Minti nawa?"

"Sha ɗaya."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali.

"Koyil ɗin sun yi ƙoƙari," ya ce. Ya yage aljihun rigar aikinsa ya fara naɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, hawaye na sauka masa, bai goge ba.