Kwamfutar da Aka Lulluɓe da Zanen Kaka

A wani gari mai nisa, an yi wata yarinya mai tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai muryar marigayiya kakarta tana ba da tatsuniya. Saboda ƙauna, yarinyar ta lulluɓe kwamfutar da zanen kakar mai kauri, kamar yadda ake rufe kwanukan ado.

Kullum tana cikin sauraro, sai kwamfutar ta tsaya cak. Idan ta kai mata mari, sai ta farfaɗo.

Yayarta ta ce, "Taɓa ki ji yadda ta yi zafi. Cire zanen nan ta sha iska."

"Yaya, zanen Kaka ne, ba zan cire ba. Mari ya ishe ta."

Kwamfuta ta tsaya, yarinya ta mare ta. Ta sake tsayawa, ta sake marinta. Ran nan ta mare ta, shiru.

Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai. "Iska kawai take nema, 'yata. Marin ya lalata ma'ajiyarta, komai ya tafi."

Yarinyar ta koma gida, ta rungume zanen, ta kasa kunne. Zane kuwa ba ya ba da tatsuniya.