Abin da Natsau Ya Ji

Fitilar da ke jikin munduwar ta koma kore, hannun Zayyanu ya tsaya cak, sai ƙaramar bindigar ta tashi da kanta. Tau! Can ƙarshen layi allon saiti ya haska, ya nuna ɗan rami a tsakiyar baƙin ɗigon nan da masu harbi ke kira ƙwayar ido.

"Ya shiga! Wallahi ya shiga!" Zayyanu ya daka tsalle, ya fara juyowa da bindigar a hannu.

"Bakin bindiga gaba, Injiniya!" Muryar Baba Isyaku ta faso masa ta cikin toshiyar kunnensa. "Sau nawa zan faɗa maka? Murna daban, bindiga daban. Ajiye ta, sannan ka yi rawarka."

Ya ajiye ta a kan tebur, ya kuwa yi rawar. Baba Isyaku, wanda shi ne mai kula da gidan koyon harbi na Funtuwa, yana zaune a ɗakin 'yan kallo bayan wani gilashi mai kauri da harsashi ba ya hudawa, yana girgiza kai yana dariya. Ya daɗe yana ganin masu koyon harbi, amma bai taɓa ganin ƙato da gemunsa yana tsalle haka saboda rami ɗaya ba.

Wanda bai san Zayyanu ba ne zai ga kamar ya zaƙe. Tun yana yaro hannunsa na dama ke rawa. Ko shayi aka miƙa masa, sai rabi ya ƙare a riga. Abin da ya ƙara wa ciwon zafi kuwa, mahaifiyarsa, Inna Kulu, ita ce macen da ta yi tashe a gasar harbin saiti a zamanin ƙuruciyarta, har yau hotonta na rataye a ƙofar wannan gida. Ƙannensa duk sun gado hannunta. Shi kaɗai, ɗan fari, ya fito da hannun da ba ya jin magana.

Shi ya sa ya ƙera Natsau.

Natsau wata munduwa ce ta baƙin ƙarfe da ake ɗaurawa a wuyan hannu, tana haɗe da bindiga ba tare da waya ba. A cikinta akwai ƙananan na'urori masu sauraren jijiya, su ji rawar hannu tun kafin ta iso yatsu, su tura ta baya. Amma ba nan dabarar take ba. Zayyanu ya lura cewa ko gwani, lokacin da yatsansa ke jan kunamar bindiga ne saitinsa ke gocewa. Sai ya cire yatsa daga aikin gaba ɗaya. Da an ce "ɗana", Natsau zai ɗana bindigar ya yi jira. Daƙiƙar da ya ji hannun ya tsaya, babu motsi ko kaɗan, shi zai saki harsashin. Mutum nasa dubawa ne da natsuwa, sauran aikin na inji ne.

Gidan harbin yana ƙarƙashin wani tsohon gidan gurzar auduga. A samansa jiragen ƙasa masu tafiya kan maganaɗisu suna wucewa ba ƙara, benaye masu shan hasken rana sun rufe inda da gonaki ne. Funtuwa ta sauya ta yadda ko kakanninta suka dawo sai sun nemi ɗan jagora. Abu ɗaya ne duk wannan ci gaba ya kasa taɓawa, shi ne alkunyar Inna Kulu. Tana da mutum-mutumin da ke tuƙa mata tuwo, tana magana da jikokinta ta hoton da ke tsayawa a iska, amma sunan ɗanta na fari bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa. In ta yi fushi, "wancan". In baƙi suka tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta tambaye su ya hanya.

Zayyanu ya san al'ada ce, ya san ba ƙiyayya ba ce. Sanin bai hana shi jin ciwo ba. Ya ga yadda take kiran ƙannensa da sunansu in sun ci gasa, tana dafa kansu. Shi bai nemi a dafa kansa ba. So yake sau ɗaya tak, a gaban mutane, ta nuna cewa shi nata ne. A ransa ya yanke cewa in har akwai wurin da hakan za ta faru, to a gaban allon saiti ne.

Don haka ya duƙufa. Kullum da hantsi yana layinsa. Ya gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba kaɗan, ya sauke kafaɗa, ya ja numfashi ya saki rabi, ya ce, "Ɗana." Tau! Ya matsar da allo baya. Tau! Ya sa allon ya riƙa yawo hagu da dama. Tau! Ramukan suka riƙa taruwa wuri guda har suka koma kamar rami ɗaya. Masu harbi a sauran layuka suka fara ajiye nasu bindigogin suna zuwa kallo. Kowane harbi sai an yi sowa, shi kuwa baki har kunne, kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha.

Wata rana Baba Isyaku ya nemi a ɗaura masa ya gwada. Ya yi ta fama da maɗaurin, ya gaji.

"Kai, Injiniya, abin nan naka akwai wuya."

"Ba a ɗaura ni a wuya," in ji Natsau da 'yar siririyar muryarsa. "A hannu ake ɗaura ni."

Gidan ya kaure da dariya. Baba Isyaku har da riƙe ciki.

"To, ashe Bahaushen naka ɗan koyo ne! Bai san wuyar aiki daban, wuyan rago daban ba?"

"Daga rubutu ya koya, Baba," Zayyanu ya ce, shi ma yana share hawayen dariya. "Tsofaffin littattafai da jaridu na ɗura masa, ya fi sauri. In ya ji magana, mayar da ita haruffa yake yi, sannan ya bi abin da haruffan suka ce. A rubuce kuwa ai duk wuya wuya ce. Ba ya jin inda murya ta hau ko inda aka ja wasali."

"Ba za ka gyara ba?"

"Bayan gwaji. Harbi na ƙera shi ya yi, ba waƙa ba."

Gwajin da yake nufi shi ne na kwamitin ƙungiyar masu harbin saiti ta garin, waɗanda za su duba ko za a bar masu larurar hannu su shiga gasa da Natsau. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba mai harbi ne zai ba da umarni ba, daga ɗakin 'yan kallo za a bayar, don a tabbatar ba wata dabara. Zayyanu bai ko yi gardama ba. Ya buɗe kunnen Natsau ya karɓi kowace murya da ta biyo ta makirufon ɗakin.

Sauran aiki ɗaya ya rage, shi ne kawo Inna Kulu. Wannan Baba Isyaku ya ɗauka, don tare suka yi zamani a ƙungiya.

"Hajiya, ki zo ki ga abin mamaki," ya ce mata.

"Na ji an ce yaron nan ya ƙera abin da ke harbi da kansa. To shi me ya rage masa, riƙewa?"

"Ke dai ki zo."

"In na samu sarari."

Ta samu sararin. Ranar gwaji, da Zayyanu ya ɗaga kai ya hango ta bayan gilashi, zaune kusa da Baba Isyaku da farin mayafinta, sai ya dakata da abin da yake yi. Ya rusuna daga inda yake. Ita kuwa ta dubi silin, kamar an aiko ta ta ƙirga fitilu.

Ɗakin ya cika. 'Yan kwamiti sun jeru a gaba. Baba Isyaku ya jawo makirufo kusa da bakinsa.

"Mai harbi, ka shirya?"

"Na shirya, Baba."

"Ɗana!"

Fitila ta koma ja. Hannun Zayyanu ya yi ɗan ɓari, munduwar ta kama shi, fitila ta koma kore. Tau! Ƙwayar ido.

"Ɗana!"

Tau! Ƙwayar ido.

Aka matsar da allo har ƙarshen bango. Aka rage girmansa. Aka sa shi gudu. Zayyanu ya ji kamar jikinsa ba nasa ba, komai ya yi masa sauƙi, ɗigon nan baƙi kamar yana kiransa. Kowane tau sai ɗakin ya ɗauki kabbara da tafi. Wani ɗan kwamiti ya miƙe tsaye bai sani ba. Baba Isyaku ya manta da girmansa yana dukan tebur, yana cewa, "Haka nan, Injiniya! Ci gaba da gashi!"

Ana saura harbi na ƙarshe, sai babban allon da ke saman bango ya yi ƙara, rubutu ya fito da manyan haruffa. Makin Zayyanu ya wuce maki mafi girma da aka taɓa samu a gidan, wanda ya yi shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Sunan da ke saman allon tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin ya sauka layi na biyu. Sunan Kulu ne.

Wurin ya rikice. Zayyanu ya manta da doka, ya manta da harsashin da ya rage, ya manta da komai. Ya juyo gaba ɗaya, bindiga a hannu, yana neman fuska ɗaya a cikin taron.

Inna Kulu tana tsaye. Mayafinta ya zame, ba ta gyara ba. Wannan karon ba silin take kallo ba, shi take kallo, ido cikin ido, hawaye na bin kumatunta. Ta dafa kafaɗar Baba Isyaku, ta nuna shi da yatsa, ta ɗaga murya ta yadda kowa zai ji, bakinta dab da makirufon da ba a kashe ba.

"Ɗana!"

Ta ja kalmar, ta cika ta, yadda uwa kaɗai ke iya faɗinta. Ta shiga kunnen Zayyanu ta sauka har ƙafafunsa. Abin da ya jira tun yana yaro ke nan. Numfashinsa ya ɗauke, jikinsa ya sandare. Hannun nan da bai taɓa tsayawa don kansa ba, yau ya tsaya cak, ba tare da taimakon kowace na'ura ba.

Fitilar ta koma kore.

Tau!

Gilashin ya tsage kamar saƙar gizo. Harsashin ya maƙale a cikinsa, daidai saitin ƙirjin Inna Kulu, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Natsau bai yi kuskuren saiti ba ko a wannan karon.

Sai salati ya ɓarke ta ko'ina. Zayyanu ya saki bindigar, ya fizge munduwar har ta yage masa fata, ya ruga ɗakin 'yan kallo yana tuntuɓe. Ya zube a gabanta.

"Inna! Inna, ba ni ba ne, wallahi ban taɓa kunamar ba! Inna, ki dube ni!"

Ba ta ji rauni ba, ko ƙwarzane. Ta daɗe tana kallon harsashin da ke cikin gilashi. Sannan ta ja mayafinta ta rufe kai, a hankali, ta gyara shi yadda ya saba zama. Ta juya wajen Baba Isyaku.

"Isyaku, laifina ne. Bakina ne ya yi sauri, na faɗi abin da ba a faɗa." Ba ta dubi inda yake durƙushe ba. "Ka ce wa yaron nan ya tashi, mutane na kallo. Ka ce masa ya ɗaure hannunsa, jini yake yi."

Aka raka ta waje. 'Yan kwamiti suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi maganar gasa, Zayyanu ma bai tambaya ba.

Da gidan ya watse, Zayyanu ya koma layinsa ya tsinci munduwar a ƙasa. Wani tunani ya faɗo masa. Natsau yana adana duk umarnin da aka ba shi. Ke nan muryar tana ciki. Ko da ba za ta sake faɗa ba har abada, yana da ita, zai iya saurara duk ranar da ya so.

Ya buɗe ma'ajiyar.

"Natsau, maimaita mini umarnin ƙarshe. Da muryar da aka faɗe shi."

"Ba na ajiye murya," in ji Natsau. "Haka ka tsara ni, don aiki ya yi sauri. Ga abin da na ji."

Ɗan allon munduwar ya haska. Haruffa huɗu ne, iri ɗaya da na Baba Isyaku da ke jere a samansu, babu abin da ya bambanta su: ɗana.

Zayyanu ya zauna a ƙasa yana kallonsu, hannunsa na dama ya ci gaba da rawa.