Alluna Goma Sha Huɗu

Ranar Talata da hantsi, tsohon Hedimasta ya shiga maƙabartar ƙauyen ya tarar babu allon da ke kan kabarin matarsa. Ya bi layi-layi yana dubawa. Alluna goma sha huɗu sun ɓace.

Shi ya ja ragamar gyaran wurin. Wata takwas ana sare ƙaya, ana cike ramukan gafiya, aka zagaye da katanga, aka kafa wa kowane kabari allon ƙarfe mai suna da shekara. Mutanen da suka shekara talatin ba su leƙo iyayensu ba duk sun zo ranar buɗewa, an ɗauke su hoto. Shi dai abu ɗaya ya nema. Matarsa ta shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin ciyawa, yana so ya san inda zai tsaya ya gaishe ta.

Hedimasta ya kai ƙara, Sufeton 'yan sanda ya iso da rana tsaka. Ya durƙusa a inda aka cire allon farko. Babu rami. An mayar da ƙasa, an daɓe ta, ga shatin bayan shebur. Haka na biyu, haka na ƙarshe. Kuma ba a wuri ɗaya aka kwashe su ba: uku a bakin ƙofa, biyu a tsakiya, sauran can wajen tsohuwar rijiya.

Ya fara da mai sayen tsohon ƙarfe.

"Yallaɓai, ka raina sana'ata," in ji mutumin. "In ɗauki sha huɗu in bar ɗari uku? Da ni ne, ko ƙofar ba za ku tarar ba."

Aka birkice tarin ƙarafansa. Babu allo ko ɗaya.

Sai manomin da ke maƙwabtaka da maƙabartar, wanda ya yi ta masifa cewa katanga ta ci masa kunya uku ta gona.

"Na yi faɗa, ban musa ba," ya ce. "Amma da masu rai na yi. Je ka duba allunan da ke jikin gonata, an taɓa ko ɗaya?"

Ba a taɓa ba.

Sufeto ya koma gidan Hedimasta ya nemi rajistar gyaran. Ya zauna a falon da littattafai suka cinye kujerunsa, yana sa alama a kan sunayen da suka ɓace. Duka sha huɗun shekara ɗaya suka rasu, wata ɗaya.

"Malam, me ya faru a wannan watan?"

"Amai da gudawa. Hukuma ta aiko da magani bayan an gama mutuwa."

"Wa ya nuna maka kaburburan?"

"Mai haƙa. Yana nuni da sanda, ina rubutawa."

Mai haƙa kabari tsoho ne tukuf, a ɗaki ɗaya yake zaune bayan maƙabartar. Sufeto da Hedimasta suka same shi a ƙofa yana gyara ƙotar diga. Bai tashi ba.

"Baba," in ji Sufeto, "ɓarawo tumɓukewa yake yi ya gudu. Wanda ya cire waɗannan ya tsaya ya cike kowane rami, ya daɓe. Hannunsa bai saba barin rami a buɗe ba. Kuma ya zaɓi mutanen wata ɗaya, alhali a kan alluna shekara kawai aka rubuta. Mutum biyu suka san watan. Ɗaya shi ya kawo ƙara."

Tsohon ya ɗaga labule da ƙotar digar. Allunan suna jingine da bango, an goge su, an jera.

"Kwana tara na binne su," ya ce. "Abokin aikina shi ne na uku da na binne. Duk inda na ga fili nake haƙawa. Wuraren na sani, amma wane ne a ina, ban riƙe ba." Ya dubi Hedimasta. "Ka zo da littafi da biro, Malam, ka tsare ni da ido. Na ji nauyin in ce maka ban sani ba. Sai na yi ta nunawa."

"To me ya sa yanzu?" in ji Sufeto.

"Kullum da safe Malam yana zuwa ya tsaya gaban allon matarsa, yana magana ƙasa-ƙasa. Da ruwan sama ya kwantar da ƙasar, na ga shatin kabarin sosai. Da awo nake haƙawa. Wancan na dogon namiji ne. Matar Malam kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba. Na ce in na yi kuskure a ɗaya, sauran ma ba ni da tabbas."

Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wata huɗu ke nan ina ba wani ƙato labarin jikokinsa da bai haifa ba," ya ce. "To tana ina?"

"Tana cikin sha ukun, Malam. Iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan."

Sufeto ya buɗe littafinsa ya tambaya ko za a ci gaba da ƙara. Hedimasta ya wuce shi. Ya shiga ɗakin, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya, ya zaro na matarsa ya saƙala a hammata.

"Malam, wannan kayan shaida ne."

"Shaidar me?"

Sufeto ya dubi allon, ya dubi tsohon da ya koma kan digarsa. Ya rufe littafin ya matsa daga bakin ƙofa.