Barkonon Ibu da Hannun Ƙarfe

A unguwarmu, cikin birnin Yogya, akwai wani lambu da muke ji da shi. Mas Bagas mai zane-zane ne ya haɗa shi. Ya kafa hannun ƙarfe a tsakiya, ya ɗaura kyamara a sama. Ko a wace ƙasa kake, in ka danna waya, hannun zai shuka maka iri ko ya ba da ruwa.

Dokar lambun ɗaya ce. Ana bin layi, kowa yana ban ruwa na kwana uku, kuma tanki ɗaya ake raba wa shukar kowa a rana.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifiyarta, da take kira Ibu, tana aikin kula da tsofaffi a Taiwan. Daga can ta shuka barkono ƙwaya ɗaya.

"'Yar nan, in na zo Sallah, da shi za mu daka yajin sambal," in ji Ibu a waya.

Ran nan layi ya zo kan yarinyar. Ta ari wayar kakarta, ta kai hannun kan barkonon Ibu, ta danna. Ta sake dannawa. Son uwa ya ɗebe ta, har ta juye tankin kaf a wuri ɗaya. Haka ta yi kwana uku.

Ranar Asabar ta je lambun da murnarta. Sai ta tarar da maƙwabciyarsu, tsohuwa Mbah Tuminem, riƙe da ƙugu. Alayyafon Mbah ya kwanta don ƙishi. Barkonon kuwa yana tsaye cikin taɓo, ganyensa ya yi rawaya.

"Ke! Wa ya ce miki barkono kifi ne?" in ji Mbah.

Yarinyar ta tsorata. "Ƙila hannun ne ya lalace, Mbah."

Mas Bagas, da ke tsaye a wurin, ya girgiza kai. "Hannuna lafiyarsa lau. Abin da aka danna yake yi."

Kunya ta kama ta, ta fashe da kuka. "Ni ce. So nake na Ibu ya fi na kowa."

Da kanta ta rubuta a shafin lambun na intanet: "Ni na hana shukarku ruwa. Ku yafe mini." Sannan ta ɗauki bokiti. Ta yi sawu tara daga rijiya, ta shayar da alayyafon Mbah da tumatirin kowa.

Washegari da safe hannun ya motsa. Pak Darto ne, wani direba ɗan unguwarmu da ke aiki a Malesiya. Ya sa hannun ya yi ta sassauta ƙasar gindin barkonon don ta sha iska. Masu layi na bayansa duk suka yi haka. Bayan kwana goma, sabon ganye ya leƙo.

Da Sallah Ibu ta dawo. Barkono goma sha ɗaya ta tsinka, jajaye wur. Ta daka sambal, aka kai wa kowane gida cokali ɗaya.

Mbah ta ɗanɗana, ta hau tari, ta dubi yarinyar. "Kifin naki akwai zafi!"

Ibu ta dafa kan 'yarta. "Na ga sawunki tara a kyamara. Har tsohuwar da nake kula da ita na nuna wa, na ce 'yata ce wannan."

Daɗi ya cika yarinyar. Tun daga ranar ta gane cewa abin da aka ba ka amana domin kowa, kowa ake raba wa. In ka kula da na mutane, su ma za su kula da naka.