Ranar da Ruwa Ya Kayar da 'Yar Fari

"Ni fa ba za a sa ranar nan ba, Fatihu, sai Momi ta amince da bakinta."

Radiyya ce ta faɗi haka, ta sha mur, tana jingine da ƙarfen benen ƙarshe na jirgin ruwa. Jiya suka taso daga Baltimore, tafiyar shaƙatawa da ƙungiyar Hausawan yankin ta shirya, kowa da iyalinsa. Kowa na cikin nishaɗi, ita kaɗai ta taho da rigimarta a jaka.

Fatihu saurayinta ne, injiniya mazaunin Springfield, mutum mai haƙurin da har yakan ba ta haushi. Tuni manyansa suka je gidan su Radiyya a Takoma Park neman aure, mahaifinta Dakta Sabo ya ce ya ba shi. Da aka waiwayi mahaifiyarta Hajiya Lami, sai ta kau da kai ta ce wannan zancen babanta ne. Shi ke nan fa!

Abin da ke cin Radiyya ya girmi maganar aure. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Momi ba. Daga "ke" sai "waccan", in an yi baƙi kuma "yarinyar nan". Amma ƙanwarta Afnan, har sunan ya gaji da kira. Ranar da Radiyya ta gama karatun nas, Hajiya ta cika gida da masa da dambun nama, amma ko barka ba ta ce mata ba.

Fatihu ya sake lallaɓa ta kamar kullum. Ya ce kunyar ɗan fari ce, shi ma a Gombe tsohuwarsa ba ta kama sunansa, kuma ya san duk duniya babu mai sonsa kamarta. Ta ce ita a Maryland aka haife ta, inda uwa ke manna sunan ɗanta a bayan mota.

"Haba tawan... har sai yaushe zan jira?"

"Har sai na san tana so na. In ba ta damu da ni ba, ta ina za ta damu da wanda na kawo?"

Ya dai san halinta. In ta kafe, to wallahi sai dai ya tsufa yana jira.

A bayan jirgin akwai wani wurin wasa da mutane suka yi wa cincirindo. Inji ne ke feso ruwa da ƙarfin tsiya yana hawa wani gangare mai laushi, mutum ya hau ɗan allo ya yi ta shawagi kamar a kan igiyar teku. Can gefe a inuwa Hajiya Lami na zaune da sauran mata, ta sha atamfa da mayafi, da farantin kankana a cinyarta. Radiyya ta kalle ta, ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba. Haushi ya sa ta je ta sako dogon kayanta na ninƙaya mai hula ta shiga layi, ita da ko keke ba ta gama iyawa ba.

Mai koyarwar, wata mai fara'a da ake kira Selina, ta ce ta fara da kwanciya rub da ciki. Ruwan ya ɗaga ta cak, ya yi dama da ita, ya yi hagu. Ai kuwa fushi ya bi iska, ta dinga ƙyalƙyala dariya ruwa na shiga bakinta. Afnan na ɗaukar bidiyo tana ihu da Turanci, Fatihu na tafi kamar shi ya ƙera injin.

Daɗi ya kwashe ta, ta ce ita tsaye za ta yi. Selina ta riƙe hannayenta, ta ce ta lanƙwasa gwiwa, kuma ta kalli gaba, kada ta kuskura ta kalli ƙafarta. Ta hau allon. Selina ta saki hannu ɗaya, ta saki ɗayan. Radiyya ta tsaya! Sai zuciya ta ce mata ta waiga ta ga ko Momi na kallo.

Waigawar ke da wuya allon ya sulle. Tim ta faɗi, ruwa ya naɗe ta ya yi sama da ita, ya jibge ta a jikin katifar bango. Hular ta zamo ta rufe mata fuska, ruwa ya cika hancinta, ta kwanta shiru tana neman numfashi.

"Radiyya! Wayyo Allah, Radiyyata!"

Farantin kankana ya tarwatse a ƙasa. Hajiya Lami, wadda ko a gidan biki ba a jin muryarta, ta ture mutane, ta haye matakala takalmi ƙafa ɗaya, ta faɗa ruwan da atamfarta tun kafin Selina ta gama kashe injin. Santsi ya zaunar da ita daɓas, ta ƙarasa da rarrafe, ta yaye hular ta rungume kan 'yarta tana shafawa tana salati.

Radiyya ta yi tari, ta buɗe ido. Babu abin da ya same ta. Ta ƙura wa uwar ido, hawaye na bin ruwan da ke fuskarta, ga dariya na neman ƙwace mata.

"Momi... me kika ce?"

Sai a lokacin Hajiya ta ankara. Ga matan ƙungiya sun zuba ido, ga Dakta Sabo na ɓoye murmushi a bayan hularsa, ga kuma uwa uba Fatihu tsaye da tawul, kai a sunkuye. Kunya ta rufe ta, ta ja jiƙaƙƙen mayafinta ta kare fuska, ta ce ita ba ta ce komai ba, ruwa ne ya shiga kunnen mutane. Afnan ta ɗaga waya ta ce ai akwai shaida, aka kwashe da dariya har da Selina da ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi tawul ɗin ba tare da ta dubi Fatihu ba, ta lulluɓe 'yarta da shi.

"Kai kuma, ka gaya wa manyanka su zo a sa rana. Na ba ka ita. Amma ka sake barin ta ta hau katakon nan, ni da kai ne."

Fatihu ya durƙusa a cikin ruwan har wandonsa ya jiƙe, murna ta hana shi haɗa godiyar da kyau. Radiyya kuwa ta maƙale a jikin uwarta, ta ce don Allah ta ƙara faɗa, ko sau ɗaya.

Hajiya ta harare ta, ta ce ta tashi ta ba mutane wuri. Amma da ta sunkuya tana gyara mata hula, sai ta kai bakinta daidai kunnenta, yadda ko Afnan da wayarta ba za ta ji ba.

"Kullum ina faɗa a sujada, Radiyya. Ke ce dai ba kya wurin."