Saƙo Dubu Tara a Akwatin Malama

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis wata mata ta shigo ofishin Sufeto, waya a hannu ɗaya, fayil a ɗayan. Ko kujerar da ya nuna mata ba ta kalla ba.

"Yallaɓai, an binne mini wasiƙa."

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin yana aikin nan, har satar ƙofar banɗaki an kawo masa, amma wannan ƙarar sabuwa ce.

A tsaye ta yi bayani. Malamar firamare ce. Ƙodojin 'yarta mai shekara goma sha biyar sun daina aiki, sau biyu a mako ake ɗora ta a injin wankin ƙoda. Ƙanen Malama, Auta, ya yarda zai ba yarinyar ƙoda ɗaya, gwaji kuma ya dace. Wasiƙar asibiti mai ɗauke da ranar aiki kawai suke jira.

"Don ita na buɗe sabon adireshin imel, tsohon ya cika da talla. Wannan ban cike shi a fom ɗin kanti ba, ban sa shi a wani shafi ba. Wata huɗu, saƙo bakwai kacal, duk na asibiti. Sai ranar Litinin da yamma."

Ta miƙa wayar. Dubu tara da ɗari biyu. Yana kallo wasu uku suka faɗo: tallan takalmi, maganin sanƙo, gidan haya.

"Kin kira asibitin?"

"Sun ce sun amsa mini ta imel, in duba. Kwana uku ina sharewa ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron kar in share tasu. Ƙafafun yarinyar nan sun kumbura, Yallaɓai, ko silifa ba ya shiga."

"Wa ya san adireshin?"

"Ni da mijina da Auta. Na rubuta shi da lambar sirri a bayan fayil ɗin nan, saboda ko-ta-kwana."

Sufeto ya kira Kofur, 'yar sandan da ke kula da kwamfutocin ofishin. Ba ta share komai ba. Sunan asibitin ta rubuta a wurin bincike, sannan ta leƙa kwandon shara. Cikin minti biyar ta ɗago, ta dubi Sufeto, ba ta dubi Malama ba.

Wasiƙar ta iso Litinin da sha biyun rana, an sa aiki mako mai zuwa. Ƙarfe ɗaya da rabi, wani ya amsa da sunan Malama: "Mun fasa, a ba wani gurbin." Ya jefa duka biyun a shara. Ƙarfe biyu tarkacen ya fara zuba. A tsakiyarsa saƙon asibiti na biyu yake kwance: idan kuskure ne, a kira wannan lamba kafin ƙarfe huɗu na Alhamis.

Malama ta zauna a ƙasa, wurin da take tsaye.

"Ƙarfe ɗaya da rabi ina aji. Wallahi ina aji."

Sufeto ya kira lambar da kansa. Likitan ta ce gurbin yana nan zuwa huɗu, amma sai ta ji daga bakin mai bayarwa.

Mijin Malama direban babbar mota ne, kamfaninsa ya tabbatar tun Lahadi yana kan hanya.

"Kofur, jera mini tarkacen daga na farko."

Goma sha biyun farko sun shigo a hankali, minti biyu-biyu tsakani, kamar da hannu ake cike fom. Dukkansu daga kantunan kayan firji ne: kwamfuresa, gas, robar ƙofa. Bayansu sai kamar an buɗe famfo, ɗaruruwan saƙonni a minti guda.

"Mutum idan zai yi abu cikin gaggawa, daga inda ya saba yake farawa," in ji Sufeto. "Malama, mece ce sana'ar Auta?"

"Gyaran firji," ta ce a hankali.

Shagon gyaran firjin Auta ƙarami ne, firji huɗu a buɗe, warin gas ya cika shi. Matarsa na kan benci da tsohon ciki, ta kawo masa abincin rana. Malama ta tsaya a bakin ƙofa, Sufeto ya ƙarasa gaban Auta.

"Ina kake ranar Litinin da rana?"

"Aiki na fita, Yallaɓai."

"Gidan wa?"

"Na manta gidan."

"Kana da imel?"

"Ni da ƙyar nake karanta saƙon waya."

Sufeto ya sauko da wani kwali daga kanta, ya karanta sunan kantin da ke jikinsa. Shi ne na farko a jerin Kofur.

"Wannan kantin ta intanet kaɗai yake sayarwa. Wa ke yi maka oda?"

Matar ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango.

"Ni ce. Ni na yi komai, ku tafi da ni. Ina za ni da jariri idan ya mutu a teburin likita?"

"To," in ji Sufeto. "Faɗi adireshin Malama."

Ta dubi mijinta.

"Me kika rubuta wa asibitin?"

"Na ce... na ce ba shi da lafiya."

"Zauna, baiwar Allah."

Auta ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Hawaye na bin gemunsa.

"Ni ne, Yaya. Ranar da na kai ku wankin ƙoda na ɗauki hoton bayan fayil. A gaban dangi aka tambaye ni, kowa na sa mini albarka, ta yaya zan ce a'a? Tun da aka ce gwaji ya dace, abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Na ce idan wasiƙar ta ɓace cikin shara, za a ce laifin intanet ne, ba wanda zai kira ni matsoraci."

"Ni na goye ka, Auta," in ji Malama. "Da ka ce mini tsoro kake ji, da tun wata huɗu ina neman wani."

"Kira su! Yanzu zan bayar, wallahi zan bayar!"

Uku da kwata. Sufeto ya buga, ya buɗe lasifikar wayar, ya faɗa wa likitan abin da ya faru bai rage komai ba. Auta ya fizgi wayar yana rantsuwa.

Likitan ta saurare shi har ya gama.

"Ba ma cire ƙodar mutum yana kuka a gaban 'yan sanda," ta ce a hankali. "Malama, ki yi haƙuri. Ki samo mana wani, mu fara gwaji daga farko."

Sojan gona da shiga akwatin imel ɗin wani ba izini, haka Sufeto ya rubuta. Bai sa masa ankwa ba. Kofur ta kama gwiwar hannunsa zuwa mota, matarsa na bin su tana kiran sunan Allah.

Wayar Malama ta yi ƙara. Sufeto na kusa, ya ji siririyar muryar yarinyar.

"Mama, an samu wasiƙar?"

"An samu."

"Yaushe za a yi? Kin gaya wa Kawu?"

Malama ta dubi motar da ke juyawa a bakin titi. Ta share fuska da bayan hannu, ta gyara murya.

"Sha maganinki tukuna. Ga ni nan zuwa."