Addu'ar Da Ta Wuce Ƙararrawa

Ngo Kachollom ta tura cokali cikin kwanon gwate, faten acca da ganye, ta juya, ta sake juyawa, sannan ta ɗaga kai ta dubi matar ɗanta.

"Ana, yau ma ƙashin miyar ya yi tafiya ne?"

"Ban samu zuwa wurin mahauta ba, Ngo."

"Jiya ma ba ki samu ba. Ɗana yana fita tun asuba, yana shan wahala a kamfanin kuza, ya dawo ya tarar da ruwa da yakuwa. Ni dai na ga ƙanwarki ta zo ranar Lahadi da jaka, na kuma ga ta fita da jaka."

Ana ta juya ta kama kwashe kwanuka. Jakar nan cike ta zo da dankalin da mahaifiyarta ta aiko daga ƙauye, wayam ta koma. Amma in ta faɗi haka, sai a tambaye ta me ya sa matar makanikin kamfani take cin dankalin gidan iyayenta, amsar kuwa ba tata ba ce balle ta bayar.

A shekarar 1978 ne, a wani gida mai ɗaki biyu a unguwar Gada Biyu, cikin Jos. Shekara ɗaya da rabi ke nan da auren Ana da Dalyop. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu, shi yana rera waƙa da murya kamar ta injin niƙa, ita tana danne dariya, har dariyar ta kai su gaban fasto. Suna son juna ƙwarai, wannan kam ko maƙwabta sun shaida. Sai dai mako bakwai da suka wuce, kasuwar kuza ta ja baya, kamfani ya rage ma'aikata, sunan Dalyop ya fito a cikin waɗanda aka sallama.

Ranar ya ja Ana gefe, ya riƙe hannunta.

"Filis, don Allah, Ana, kada Ngo ta ji. Babana Pwajok shekara ashirin da takwas ya yi a kamfanin nan, a wurinta kamfani dutse ne, ba ya motsi. Ga hawan jininta. Ki ba ni ɗan lokaci in samu wani aiki, ni da kaina zan gaya mata. Kin yi alkawari?"

"Na yi," in ji ta.

Tun daga nan kullum sai ya saka kayan aiki da manyan takalmansa, ya yi wa uwarsa sallama, ya gangara Dilimi garejin Malam Labaran, inda ake ba shi gyara in aiki ya yi yawa. Abin da yake samu bai kai na nama ba. Shi yana fita da sirrinsa ya sha iska, Ana ce take wuni da tsohuwa da bakinta.

Ranar Alhamis da yamma matan coci suke zumunta. Ana da Ngo suka ɗaura zanen zumunta iri ɗaya, suka tafi tare. A hanya ne Ngo ta tsaya gaisawa da wata ƙawarta, ta ce da ita, ba tare da ta rage murya ba, "'Yan matan yanzu, sai kin kai su gidanki za ki san inda albashin ɗanki yake zuwa." Ana ta kau da kai ta ci gaba da tafiya.

Al'adar zumuntarsu ita ce, bayan an buga tulu an yi waƙa, sai uwar zumunta, Mama Roseline, ta ce kowa ta kai damuwarta gaban Ubangiji. Mata kusan arba'in sai su durƙusa su ɗaga murya lokaci ɗaya, wata da Hausa, wata da Birom, wata da kuka kawai. A cikin wannan hayaniyar mace tana iya faɗin duk abin da ke cikinta, ta kusa da ita ma ba za ta ji ba. In an jima Mama Roseline ta kaɗa 'yar ƙararrawarta, kowa ta yi shiru, ita kuma ta rufe.

Ana ta durƙusa, Ngo tana benci na gabanta. Ta fara addu'a da gaske, hawaye na zuba. Ta gaya wa Allah ta gaji. Tana cikin haka ƙararrawa ta yi ƙara.

Ta ji ta. Wannan shi ne abin da ya kamata a sani tun yanzu, domin duk labarin a kansa yake. Ta ji ƙararrawar sarai, ta ji muryoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ji shirun ya sauka. Wani abu a ranta ya ce, ga dama. Sai ta ƙara runtse ido, ta ci gaba da murya ɗaya tilo a cikin coci:

"Ka dubi mijina Dalyop da aka sallama daga aiki mako bakwai ke nan, yana yawo a Dilimi, mahaifiyarsa ba ta sani ba, ni ake zargi da sata."

Shirun da ya biyo baya ya fi na farko nauyi. Mama Roseline ta yi gyaran murya ta rufe addu'a a gajarce.

Da aka tashi mata suka kewaye Ana suna lallashi. "Ayya, ba ta ji ƙararrawa ba." "Addu'a ce ta ɗauke ta, baiwar Allah." Ana ta rufe fuska da gefen zane tana kuka, kukan kuwa ya taimaka mata, domin kowa ya ɗauka na kunya ne.

Ngo ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Ta riga kowa isa gida, ta zauna a bakin ƙofa har Dalyop ya dawo da magariba.

"Cire takalman nan," ta ce. "Ka gaji da yi mini wasan kwaikwayo."

Ta shiga ɗaki, kwana biyu ba ta yi masa magana ba, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Ranar Lahadi dattawan coci suka riƙa tare Dalyop suna cewa sannu da haƙuri, kowace sannu tana sauka masa kamar mari. Ana tana jiran faɗa. Ta ma shirya masa, ta tanadi amsoshi. Sai ga shi ya zo ya zauna kusa da ita a kicin, ya karɓi wuƙa yana taya ta fere dankali.

"Daina kukan nan, Ana. Ba ki ji ƙararrawa ba, kowa ya faɗa. Da Allah kike magana, ba da mutane ba. Ina zan ga laifinki?"

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ngo ma ta sauko. Ta kira Ana ɗakinta, ta ce, "'Yata, na ci haƙƙinki. Na kira ki ɓarauniya alhali ke kike rufa mana asiri. Ki yafe mini." Har da ba ta ɗankwalin da take ajiya a ƙasan akwati.

To, ga Ana ta samu duk abin da take so. An wanke ta, suruka ta koma uwa, miji yana tarairayarta, matan zumunta suna nuna ta suna cewa ga mai zafin addu'a. Abu ɗaya kawai ta rasa: addu'ar kanta. Kowace safiya su uku suna durƙusawa a falo kafin Dalyop ya fita, in aka zo kanta sai harshenta ya yi nauyi. Ta ce mura ce. Washegari ta ce ciwon kai. Ko ita kaɗai ce a ɗaki, da ta rufe ido sai ta ji ƙarar ƙararrawar nan, ta tashi ta kama shara a inda aka riga aka share. Laifin yana cinta, kuma ba wanda ya san akwai shi.

Mako na uku Mama Roseline ta aiko cewa Ana ce za ta buɗe zumunta da addu'a ranar Alhamis. Ana ta yafa mayafi ta nufi gidanta. Ta same ta a tsakar gida tana sheƙar acca.

"Mama, a ba wata. Ni ba zan iya ba."

"Me ya hana?"

Ana ta durƙusa. "Na ji ƙararrawar, Mama. Da gangan na ci gaba."

Mama Roseline ba ta ajiye faifan ba. "Ƙararrawar nan tawa har bakin titi ana jin ta. Na yi mamaki dai, amma na ce bari in jira." Ta hure ƙaiƙayi. "Kin san abin da kika yi? Wasiƙa kika rubuta wa surukarki, kika rubuta sunan Allah a bayan ambulan."

"Na roƙe shi gafara, Mama, amma ji nake kamar da bango nake magana."

"Shi ai ya ji. Saura wanda kika yi wa alkawari."

"In na gaya masa ba zai sake yarda da ni ba."

"Mai yiwuwa," in ji Mama Roseline. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wadda yake lallashi yanzu ba ke ba ce, wata ce da ba ta ji ƙararrawa ba. Ki zaɓa, ko ya so waccan, ko ya san ki."

Daga nan Ana ba ta koma gida ba. Da ƙafa ta tafi Dilimi da tsakar rana. Malam Labaran ya nuna mata wata tsohuwar mota roka, ya ce, "Ga ogan gyara can a ƙasa," ya ja yaransa gefe. Ƙafafun Dalyop kawai ake gani. Ta tsuguna a bakin taya, ta gode wa Allah da ba ta ganin fuskarsa.

"Dalyop, ni ce. Kada ka fito, ka saurara kawai. Ranar nan a coci na ji ƙararrawa. Na san an yi shiru. Na faɗa ne don Ngo ta ji, don na gaji da zargi. Na karya alkawarinka, na kuma bari kana ba ni haƙuri."

Ƙarar sifana ta tsaya.

"Je ki gida," ya ce daga ƙarƙashin mota.

Kwana huɗu yana gaishe ta kamar baƙuwa. Yana cin abinci ya ce an gode, ya kwanta ya ba ta baya. Ana ba ta roƙe shi ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Abin mamaki, a cikin kwanakin nan masu ɗaci ne bakinta ya buɗe. Tana wanke-wanke tana cewa, "Ubangiji, ka ji tausayina," a hankali, yadda ko kazar da ke kusa da ƙafarta ba za ta ji ba. Kalmomi huɗu ne kacal, amma ta san suna isa inda aka aike su.

Safiyar kwana na biyar suka durƙusa a falo kamar kullum. Ngo ta yi tata. Dalyop bai fara tasa ba har Ngo ta buɗe ido ɗaya ta leƙe shi.

"Ni yau ba da ido a rufe zan yi ba," ya ce. "Ngo, Ana ta zo ta gaya mini ta ji ƙararrawa ranar nan. Da saninta ta faɗa."

Ngo ta juyo ta dubi Ana. Ana ta sunkuyar da kai.

"Na yi fushi," Dalyop ya ci gaba. "Kwana huɗu ina neman yadda zan ɗora mata laifin duka, ya ƙi zama. Ni na yi ƙarya, na ce don hawan jininki ne, alhali kunya nake ji a ce ɗan Pwajok ba shi da aiki. Na ɗora wa matata ƙaryata, na fita na bar ta ana ce mata ɓarauniya, ina ji ban ce komai ba. Ita ta taka har Dilimi ta faɗi nata. Ni ko nan da ɗakinki ban iya takawa ba."

Ngo ta goge ido da bakin zane. "Ni kuma da bakina na tura ta. Kowa ya ɗauki nasa, kada wani ya yi wa wani rowa."

Dalyop ya miƙo hannu ya kama na Ana, hannun nan mai baƙin mai a ƙarƙashin farce.

"An yi shiru, Ana. Duk muna jin ki. Yi mana addu'a."

Ta rufe ido. A wannan karon ba ta da saƙon da za ta aika wa kowa. Ta roƙi gafara domin kanta, da sunanta, ta yi godiya domin dankali, ta roƙi aiki. Muryarta ba ta kai ƙofa ba. Da ta ƙare, amin ɗin Dalyop ya fito da muryar nan tasa ta injin niƙa, sai Ngo ta fashe da dariya cikin hawaye.

Kamfani bai sake kiransa ba. Bayan wata biyu Malam Labaran ya ɗauke shi aiki sosai, ƙashi ya dawo cikin gwate, ko da yake ba kullum ba. Manyan takalman kamfani kuwa Ngo ta zuba musu ƙasa ta shuka barkono a ciki.

Ranar Alhamis ɗin da Ana ta buɗe zumunta, addu'arta ba ta kai minti ɗaya ba, har wasu suka ce zafinta ya ragu. Ita ta san abin da ta koya, kuma shi ne darasin wannan labari: addu'ar da aka yi domin kunnen mutum, a kunnen mutum take tsayawa. Wanda kuma ya ɓoye laifinsa don a ci gaba da ƙaunarsa, ba shi ake ƙauna ba, sai ranar da ya faɗi gaskiya ya yi haƙuri ya jira.